Baba Fasto Filibus Tanko, Wanda Ya Shiga Motata Bayan Kowa Ya Ƙi

Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Ubangiji ya kira bawansa Rabaran Filibus Tanko, Laftanar Kanar mai ritaya kuma tsohon faston sojoji, a wani asibiti da ke nan birnin Doha na ƙasar Qatar. Ya rasu yana da shekara sittin da biyu. Ya bar matarsa, Mama Rifkatu, da 'ya'ya huɗu da jikoki uku. Ina tsaye a ƙafar gadonsa lokacin da likita ya duba agogo ya rubuta lokaci.

Yau kwana takwas ke nan, kuma har yanzu gawarsa tana ɗakin sanyi, ba ta ga ƙasar mahaifarsa Saminaka ba. Takarda ɗaya muke jira. Idan ba ta fito kafin a tashi daga aiki gobe Alhamis ba, sai kuma Lahadi, domin Juma'a da Asabar ba a buɗe ofisoshi a ƙasar nan.

Sunana Yunana Gambo, mutumin Kafur, tsohon soja. Yanzu ina tuƙa bas ɗin da ke kai ma'aikata filin jirgin sama na Hamad. Dattawan ikilisiya a gida sun ce in rubuta abin da na sani game da shi domin a karanta a wurin jana'iza, tunda ba zan samu zuwa ba. Sau uku ina zama da takarda ina tashi. Na ga ba zan iya ba sai idan da kai nake magana, Baba Fasto, yadda na saba.

A shekarar 2009 na fara saninka, a Darfur, inda aka tura bataliyarmu aikin kiyaye zaman lafiya. Kana kyaftin a lokacin. Kai kaɗai ne hafsan da ke yawo a sansanin ba bindiga a kafaɗa. Majami'armu tanti ce, bencinmu akwatunan harsashi da aka juye, kuma iska na iya ɗage rufin ana tsakiyar sujada, mu fita mu kama igiya mu dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya. Ka san sunayen 'ya'yan kusan kowa. Idan Mama ta aiko maka da yaji da ƙuli-ƙuli, ba sa kwana biyu a hannunka. Sojan da matarsa ke kan gwiwa a gida, wurinka yake zuwa, Kirista ne ko Musulmi, ka ba shi wayarka ka fita daga tantin ka bar shi.

Amma a watannin farko ban so ka ba, kuma gara in faɗa. Kafin sintirinmu na farko mai nisa, mu shida muka zo muka durƙusa, muka ce ka yi mana addu'ar da harsashi ba zai taɓa mu ba. Ka yi addu'ar, ka roƙa mana tsari da gaske. Da muka miƙe, wani daga cikinmu ya ce, "To Baba, yanzu dai ba abin da zai same mu ko?"

Ka ce, "Ban isa in yi maka alkawarin da Ubangiji bai yi ba. Abin da na sani shi ne, ko ka dawo ko ba ka dawo ba, ba zai saki hannunka ba."

Muka fita muna gunaguni. Mun zo neman abin da zai kwantar mana da hankali, ka sallame mu da abin da ya ƙara tayar da shi. Sai da shekaru suka ja na gane dalilinka.

Ranar da abin ya faru, rakiyar tankar ruwa muka fita, aikin da muke yi kusan kullum. Ni ke tuƙa motar gaba. A saman motar, kan babbar bindiga, akwai Abdulbaqi, mutumin Gusau, abokin cin tuwona tun daga makarantar horo. Tsakanin sansani da rijiyar akwai wani busasshen kwari mai yashi da dole sai an rage gudu kafin a haye. Muna shiga cikinsa, wajen ƙarfe biyu na rana, aka buɗe mana wuta daga cikin duhuwar bishiyoyi. An koya mana abin da direba zai yi: ya taka mai ya fice. Ni ƙafata birki ta taka, ta kuma ƙi ɗagawa. Ina jin Abdulbaqi yana dukan rufin mota yana kiran sunana. Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila bai kai minti ɗaya ba. Da na dawo hayyacina na ja motar, ya riga ya daina dukan rufin.

A bakin ƙofar sansani muka same ka. Limamin bataliya yana wani sansanin a ranar. Ka haye bayan motar, ka ɗora kan Abdulbaqi a cinyarka, jininsa ya jiƙa maka kaki. Ka ɗaga murya ka ce a kira wani Musulmi maza. Da sajen ya zo, ka ce masa, "Laƙƙana masa kalmar shahada, yana ji." Da hannunka ka juya fuskarsa ta kalli alƙibla. Lokacin da suka yi masa salla kafin jirgi ya ɗauki gawar, ka tsaya can bayan sahu da hularka a hannu har aka sallame.

A rahoton da aka rubuta, an ce motar ce ta mutu a cikin yashi. Ni na faɗi haka, aka kuma yarda. Kwana tara ina ɗauke da wannan ƙarya. Abinci ya ƙi shiga. A rana ta goma ka same ni a bayan tantin majami'a ina zaune a cikin rana. Ba ka tambaye ni komai ba, ka dai zauna a ƙasa kusa da ni, hafsa guda. Can na ce, "Baba, motar ba ta mutu ba."

Ka ce, "Faɗa mini duka."

Na faɗa maka. Na ɗauka za ka ce ƙaddara ce, in manta. Ko kuma ka tashi ka bar ni. Sai ka ce, "Tsoron da ya kama ka, ba kai ka gayyato shi ba, kuma Yesu da kansa ya san yadda zuciya ke rawa a gaban mutuwa. Amma ƙaryar, kai ka yi ta, kuma ita ce ke cin ka. Akwai makanikin da ake tuhuma a kan motar da lafiyarta ƙalau. Ba zan kai ƙararka ba. In ka shirya zuwa wurin kwamanda, tare za mu je."

Tare muka je. Ina magana kana tsaye a gefena. Aka cire mini igiya ɗaya ta muƙami, aka karɓe makullin mota. Labari ya zaga sansani kafin magariba. Suka sa mini suna Birki. In na zauna cin abinci, benci ya yi fili. Ban ga laifinsu ba. Soja ba ya ba da ransa a hannun wanda ya taɓa daskarewa.

Bayan wata guda ka yi abin da ya sa nake rubuta wannan takarda. A hayin kwarin akwai ƙaramin sansaninmu, da Kiristoci goma sha tara da suka yi wata biyu ba su ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu. Ka nemi izinin zuwa wurinsu tare da ayarin kai abinci. Kwamanda ya ce ka zaɓi direba. Ka ce Yunana. An gaya mini ya ce maka, "Fasto, ka san abin da kake yi kuwa?" Ka ce, "Ranka ya daɗe, in ba a mayar da shi kan sitiyari yanzu ba, mun binne mutum biyu ke nan a kwarin nan."

Ka shiga gaba ka zauna, da ƙaramin akwatin gurasa da ƙoƙo a kan cinyarka. Da muka hango bakin kwarin, tsoron nan ya dawo mini. Na waiwaya don in ce maka ba zan iya ba, sai na ga akwatin yana rawa. Gwiwarka ce ke kaɗawa, gumi ya jiƙa maka wuya.

Na ce, "Baba, kai ma?"

Ka ce, "Tun jiya ban iya cin komai ba. Tuƙa, Yunana."

Na tuƙa. Muka haye. Sau goma sha ɗaya muka yi wannan tafiya kafin wa'adinmu ya cika, kuma ko sau ɗaya ban ga tsoron ya rabu da kai ba. Kana sauka za ka share fuska, ka gaisa da yara, ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan akwati ka fara sujada da murya a natse. A nan na koyi abin da ake nufi da bangaskiya, fiye da duk wa'azin da na ji tun ina yaro.

Da muka dawo Najeriya ba ka ƙyale ni ba. Da hutunka ka ɗauke ni muka tafi Gusau. Muka zauna a zauren gidan su Abdulbaqi, na faɗa wa mahaifinsa yadda abin ya kasance, ban rage komai ba. Tsohon ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Amma na gode da ba ku bar ni cikin duhu ba." Matarsa Zuleiha ta ƙi fitowa, ta aiko cewa ba ta son ganina. A hanya na yi ta kuka. Ka ce mini gafara ba a ƙwatar ta, abin da ke wuyana na sauke, sauran tsakaninta da Allah ne. Har yau ba ta neme ni ba, ni ma ban sake damun ta ba.

Na bar soja a 2015, na zo Doha bayan shekara huɗu. Duk ranar Juma'a, wadda ita ce ranar sujadarmu a nan, kafin in isa majami'a a unguwar Abu Hamour saƙon muryarka ya riga ni. Minti biyu ne ko uku: gaisuwa, aya guda, sai tambaya ko ina kiran matata da yara. A watan Yunin bana, ranar da aka ga wutar makamai masu linzami na gilmawa a sararin Doha bayan magariba, ina kan hanya da ma'aikata arba'in a bayana. Ƙafata ta nemi birki kamar yadda ta yi shekara goma sha shida da suka wuce. Na kai su masauki lafiya, amma da na sauka sai da aka riƙe ni. Washegari da safe kai ka fara kira. Ka ce, "Ka tsaya?" Na ce a'a. Ka ce, "To, mu gode wa Allah." Ba ka gaya mini a ranar cewa likitoci sun riga sun ce zuciyarka na bukatar aiki ba.

Ranar Alhamis, 9 ga wata, ina wanke bas da hantsi sai ga kira daga lambar da ban sani ba. Muryar Mama Rifkatu ce. Ashe kuna kan hanyar zuwa Indiya a yi maka aikin, jirginku ya yada zango a nan, ka yanke jiki ka faɗi kuna jiran na gaba. A duk faɗin ƙasar nan lambata kaɗai take da ita. Daga baya ta ce mini ka so ka kira ni sai kun dawo, in aikin ya yi kyau, don kada ka tayar mini da hankali a wurin aiki.

Na same ta a barandar asibiti da jakarta a ƙirji, ba ta jin Larabci, Turancin likitocin kuma ya yi mata sauri. An ba ta izinin shiga ƙasa na 'yan kwanaki saboda lalurar. Ni ɗakin kamfani nake kwana, mu huɗu, ba inda zan kai mace. Abokin ɗakina Ɗalhatu, mutumin Gumel mai aikin gadi a filin jirgi, shi ya kira wata 'yar'uwa mutuniyar Kumasi mai suna Wasilatu, wadda ke zaune da mijinta a ɗaki guda a unguwar Al Thumama. Ko tambaya ba ta yi ba. Ta ce, "Ku kawo ta, uwa ce. Maigida zai nemi wurin kwana." Yau kwana goma sha uku Mama tana ɗakinta. Wasilatu na salla a gefe, Mama na durƙushe a ɗaya gefen.

Kwana biyar ka yi a ɗakin masu tsananin jinya. Ina gama zagayen safe in taho, in koma kafin na yamma. Kullum in na doso ƙofar sai na tsaya na karanta fuskar ma'aikaciyar jinya kafin in shiga. Wata rana a ce jini ya daidaita, washegari a ce ƙoda ta fara gazawa.

Ranar Lahadi ka farfaɗo sosai. Ka dube ni ka ce, "Kofur, ka yi furfura." Ka nemi Jibin Ubangiji. Na ɗauko faston majami'armu, mutumin kirki, amma ba ya jin Hausa. Ya ba ka gurasa da ƙoƙo, ya yi addu'a da Turanci. Da ya gama ka ce in karanta maka Maganar Allah da harshen da uwarka ta koya maka addu'a. Na buɗe a waya na karanta, kana gyara mini inda na yi tuntuɓe ba tare da ka buɗe ido ba.

Da Mama ta fita shan ruwa, ka kama hannuna. Ka ce, "Yunana, tsoro nake ji."

Na ce, "Na mutuwa, Baba?"

Ka ce, "Har da ita. Na san wurin wanda za ni, amma jiki bai san haka ba. Abin da ya fi damuna ita ce. Shekara talatin da biyar tana jirana in dawo daga ƙasashen mutane. Sau ɗaya da na fito da ita, ga inda zan bar ta."

Na san ba ka son alkawarin da mutum bai isa ya cika ba, don haka ban ce za ka tashi ba. Na ce, "Ba zan bar ta ita kaɗai ba har ta hau jirgi." Ka gyaɗa kai. Daren Litinin ba ka ƙara magana ba, aka ce mana. Da safiyar Talata muna wurin, Mama na riƙe da hannunka na dama tana rera waƙar zumuntar matan ikilisiya a hankali, ka tafi.

Tun daga ranar nake yawo da fayil a hammata. Takardar asibiti, ta 'yan sanda, ta ofishin jakadanci, ta kamfanin jirgi, kowace sai an buga wa 'yar'uwarta hatimi kafin ta fito. Ba wanda ya wulaƙanta mu, ƙa'idar ƙasa ce, kuma kai ba mazaunin nan ba ne, ba ka da kafil, wato ubangidan aiki da zai tsaya maka. Izinin zaman Mama an sabunta shi sau ɗaya, ban san ko za a ƙara ba. 'Ya'yanka na kira daga gida safe da yamma, an haƙa kabari, an ɗage rana sau biyu. Mama ba ta kuka a gabana. Tambaya ɗaya take yi mini: "Yunana, ba za su ce a binne shi a nan ba ko?" Nakan ce mata ba wanda ya faɗi haka, wanda gaskiya ne, sannan in fita waje in jingina da bango.

Na nemi hutu in raka ka gida, kamfani ya ce sai watan Maris. Na yi fushi, na kusa ajiye musu makulli. Ɗalhatu ya zaunar da ni ya ce, "In mutumin nan yana da rai, zai ce ka bar aikin da yaranka ke ci?" Na san amsar, na haƙura.

Ina cikin rubuta wannan, da la'asar, Ɗalhatu ya kira daga ofishin da ya je ya karɓe ni a layi. Ya ce, "Khalas, an gama, an buga hatimi. Jirgin jibi da safe." Na sa ya maimaita sau biyu. Na kira Mama na faɗa mata, na ji tana gaya wa Wasilatu, su biyun suka fashe da kuka. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Na ga yadda abu ke lalacewa a taki na ƙarshe. Ba zan yarda ba sai ɗanka ya kira ni daga Abuja ya ce sun karɓe ku.

Jibi zan bi bayan motar da za ta ɗauke ka har ƙofar sashen kaya na filin jirgi. Iyakar inda katin aikina ke kai ni ke nan. Daga can zan zagaya in kai Mama ƙofar fasinjoji, in danƙa ta a hannun wata 'yar'uwa daga majami'armu da za ta hau jirgi ɗaya da ita. Sannan in koma in ɗauki ma'aikatan rana.

Ya Ubangiji Allah, Uban jinƙai, ga bawanka Filibus. Ka san shi fiye da yadda muka san shi, ka san rauninsa da tsoronsa, ka kuma ga bai taɓa barin su sun hana shi zuwa inda ka aike shi ba. Ka yi masa jinƙai saboda Yesu Almasihu wanda ya dogara gare shi. Ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutu a wurinka har ranar tashin matattu. Ka kai gawarsa gida lafiya, ka kai matarsa lafiya. Ka tuna da sojojinmu da ke ƙasashen waje a yau, da fastoci da limaman da ke tare da su. Ka ba su mutanen da za su gaya musu gaskiya kuma su zauna kusa da su.

Mama Rifkatu, sannu da haƙuri. Allah ya ta'azantar da ke, ya zama miki miji da uba. Ku 'ya'yansa da jikokinsa, da dangi na Saminaka, da ikilisiyar da ya yi wa hidima bayan ya ajiye kaki, da duk wanda ya taɓa zama a kan akwatin harsashi ya saurari wa'azinsa, ina miƙa muku ta'aziyyata daga nesa. Ɗalhatu da Wasilatu da maigidanta, Allah ya sāka muku, ba ni da bakin godiya.

Wanda zai karanta wannan a bakin kabari, ina roƙon alfarma ɗaya. In an zo zuba ƙasa, wani ya ɗebi hannu guda ya zuba a madadina, ya ce daga direbansa ne.

Sai mun sadu, Baba Fasto.

Yunana Gambo Kafur
Doha, Laraba 22 ga Oktoba, 2025